Giɓin Lamba Goma Sha Bakwai

Obadiah Kazah mutumin Madakiya ne, amma Kafanchan ta san shi a matsayin akawun ɗakin kaya na tashar jirgin ƙasa. Shekara goma sha huɗu ya yi yana rubuta takardun buhunan citta da ke tafiya kudu, kuma abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: lambobinsa ba su taɓa yin giɓi ba. A wajen akawun tasha, idan aka ga 40 sai 42, to wani ya ci 41. Da jirage suka fara ƙaranci a 1987 ya ajiye aikin, ya yi ta buga wa mutane takardu da tafireta a bakin kasuwa, har 1996.

A wannan shekara ne Alhaji Ja'afaru, dillalin citta wanda kakanninsa suka buɗe rumfa a kasuwar garin, ya ƙudura gina wa matan ƙauyen Nok wurin wanke citta da tsaga ta da shanya ta. Ya kama ofis mai ɗaki biyu, ya sayo kwamfuta biyu daga Jos, ya ɗauki mutum biyu. Na farko Obadiah. Na biyu Leonard, wanda suka yi firamare tare a Madakiya, wanda Obadiah bai taɓa bari ya zo gabansa a jarrabawa ba, amma daga baya ya tafi Kaduna ya dawo ana ce masa injiniya.

Aikin a rabe yake. Obadiah ne ke hawa babur zuwa Nok, ya zauna ƙarƙashin mangwaro da matan, su faɗi abin da suke so wurin ya kasance da shi, ya dawo ya buga kowace buƙata a kwamfutarsa da lambarta. Leonard kuma yana zana tsarin wurin a tasa: ga tanki, ga tebur, ga dandalin shanya, kowanne cikin akwati, kibiyoyi na nuna inda citta za ta bi. Kowane akwati yana riƙe da lambar buƙatar da ya zo ya biya. Kwamfutocin biyu ba sa jin maganar juna sai ta disket, wani ɗan baƙin faifai da ke shiga aljihun riga. Duk Juma'a Obadiah ya kwafe jerinsa a kai, ya kai ɗakin Leonard, ita kuma kwamfutar Leonard ta bi lamba ta ɗora kowane rubutu a akwatinsa.

Ɗakin Leonard na da labule da fanka, kwamfutarsa mai launi. Na Obadiah yana fuskantar titi, allon kwamfutarsa baƙi da koren rubutu. Baƙo in ya zo, sai ya ce wa Obadiah, "Sannu Baba, injiniya na ciki?" ya wuce. Har fastonsu ya zo ya ga zanen ya yi addu'a a kansa, bai leƙa jerin ba.

"Zane ne fa kawai," in ji Obadiah ga matarsa Bernice, tana tankaɗen garin acca. "Akwati da kibiya. A aji huɗu ni nake yi masa lissafi."

"Baban Edna, wannan aji huɗun bai ƙare ba har yanzu?"

"Ni na sha ƙurar Nok. Shi ko hanyar bai sani ba."

"To ka saya wa naka labule mana."

A watan Nuwamba Alhaji ya kira su. Ya ce bayan an nuna wa matan tsarin, ɗaki ɗaya zai riƙe, da mutum ɗaya, don in an fara gini ba ya ganin amfanin tebur biyu. Bai faɗi suna ba, amma da yake magana hannunsa na kan kujerar Leonard.

Ana saura mako guda a yi taron nuna tsarin, Mama Regina shugabar matan ta aiko cewa sun fasa buƙata ta 17, wato injin niƙa, tunda wani ya kafa nasa kusa da coci. Obadiah ya goge ta. Sai ya ga 16, ga 18, ba kome a tsakani. Tun farkon aiki Leonard ya taɓa cewa, yana tauna rake, in an cire buƙata a bar lambarta ta tafi da ita. Obadiah ya ji, amma ya ɗauke ta maganar wanda bai taɓa riƙe littafin tasha ba. Jerin da za a kai gaban Alhaji da giɓi, kamar an yi sata? Ya zauna ya ja 18 ta koma 17, 19 ta koma 18, haka har ƙasa. Ya kwafe a disket, ya ajiye a teburin Leonard ba tare da ya ce uffan ba, don a makon ko gaisuwa da ƙyar yake amsa masa.

Ranar taro mata bakwai suka zo a ƙaramar bas. Aka manna zanen a bango, Leonard ya sa taye, ya ɗauki sanda. Obadiah na tsaye bakin ƙofa, ba a kawo masa kujera ba.

"Wannan shi ne teburin tsaga citta," in ji Leonard, yana karanta rubutun da ke ƙarƙashin akwatin. "Kamar yadda kuka nema, za a ɗaga shi ƙafa goma daga ƙasa."

Mama Regina ta gyara ɗankwali. "Ɗana, da tsani za mu hau? Da goyo?"

Matan suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Leonard ya matsa da sanda zuwa tanki. "Shi kuma tankin ruwa, a bar shi a buɗe, ba rufi, rana ta buge shi tun safe."

"Ruwa za mu shanya ke nan," in ji wata daga baya. "Alhaji, wannan injiniya naka ya taɓa ganin citta kuwa?"

A nan Obadiah ya gane. Tebur na riƙe da lamba 18, kuma 18 ɗin yanzu maganar tanki ce. Tanki ya gaji maganar dandalin shanya. Buƙatar teburin ta gaskiya, wadda Mama Regina ta faɗa masa da hannu a ƙugu, cewa kada ya wuce nan, ta faɗa akwatin injin niƙan da aka fasa. Ya san duka. Ya dubi gumin da ke bin kwalar Leonard, ya ji wani sanyi a ƙirji da rabonsa da shi tun aji huɗu, ya yi shiru.

Alhaji ya sallami taron, ya ce wa Leonard su yi magana ran Litinin.

Kwana biyu Obadiah yana jiran daɗin ya zauna masa, ya ƙi. Ran Lahadi bayan sujada, a harabar coci ba maganar da ake yi sai teburin injiniya. Wani ya ce kwamfutar Leonard ce ta fi ƙarfinsa. Wani ya ce ai mai babban aiki shi ke babban kuskure. Wani dattijo ya dafa Obadiah ya ce, "Kai dai ka huta, ɗan'uwa. Naka bugawa ne kawai, ba abin da zai lalace a hannunka."

A hanyar gida Obadiah ya kasa haƙuri. "Kin ji su? Har ɓarnar ma shi suka ba."

Bernice ta tsaya. "Wace ɓarna?"

"Ni na yi ta. Lamba ɗaya na taɓa, dukan zanensa ya kife. Amma su a ganinsu jerina ko ɓarna ba zai iya ba."

"To yanzu kishin laifi kake yi? Ubangiji ya yi mana jinƙai."

Litinin da safe ya riga kowa zuwa. Da Alhaji ya zauna da Leonard, Obadiah ya shigo ba a kira shi ba, riƙe da tsohon jerin da sabon, ya shimfiɗa su gefe da gefe.

"Alhaji, ba shi ba ne. Ba zai iya wannan ba. Ni ne."

Ya nuna inda ya cike giɓin, ya bi layi-layi yana faɗin wace mace ta nemi me, da ranar da ta faɗa, da dalilinta, ba ya ko duban takardar. Leonard ya sauke numfashi ya ce, "Oba, ai na gaya maka."

"Ka gaya mini da rake a baki. Kuma da ka taɓa zuwa Nok, da tebur mai ƙafa goma ya tsaya maka a wuya kafin ka karanta shi."

Alhaji ya daɗe yana duban takardun. "Malam Obadiya, wato kana nan waje kana juya mini ginin, ni ban sani ba." Ya ce ɗaki ɗaya zai riƙe kamar yadda ya faɗa, amma a shigo da teburin Obadiah ciki, inda zai riƙa ganin abin da mutumin ke taɓawa. Ya ce kada disket ya ƙara wucewa sai su biyun sun zauna sun karanta akwati da akwati. Ya cire wa Obadiah babur na wata guda, aka ba Leonard ya je Nok ya ba matan haƙuri.

An mayar da 17 fanko, kuma haka ta zauna har aka gama ginin a 1998. Obadiah bai taɓa iya wuce layin ba tare da ya tsuke baki ba. Teburinsa ya koma ƙarƙashin fanka, sai dai duk da haka baƙi kan tsaya a kansa su tambayi injiniya. Ranar buɗe wurin aka ɗauki hoto, Leonard a tsakiya kusa da Alhaji, shi a gefe, rabin kafaɗarsa a waje. Hoton na rataye a falonsa a Madakiya. Duk wanda ya tsaya kallo, Obadiah kan tashi ya sa yatsa a kan teburin tsaga citta da ke bayansu, ya ce a duba tsayinsa, daidai ƙugun Mama Regina.