Tarwaɗar da ta kalli alƙibla

Duk wanda ya tashi a unguwar Maamobi ya san Baba Issifu mai cicinga, wato tsirenmu na Zongo, kuma ya san bakinsa ya fi yajinsa zafi. Mahauci ne ɗan mahauci. Tun yana saurayi ya sha alwashi a bainar jama'a cewa kifi ba zai taɓa hawa wayar gashinsa ba. A cewarsa, abin da ba a yankawa da bisimilla bai kai a kira shi nama ba. Matarsa Mulikatu in ta yi sha'awar kifi, gidan ƙanwarta take zuwa ta ci, ta wanke baki ta dawo.

Sai Allah ya haɗa shi abota da Mista Tete, wani Kirista ɗan ƙabilar Ga, tsohon direban tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya. Kullum da yamma yana kan bencin Baba, suna cin nama suna musu. Mista Tete kuwa ba shi da abin so kamar kamun kifi. Ran Asabar zai ɗauki sandar ƙugiyarsa ya tafi kogin Densu, in ya kama ya duba shi, ya yi masa murmushi, ya mayar ruwa.

"Ka biya mota, ka sha rana, ka kama, ka saki?" in ji Baba. "Cale, abokina, kanka lafiya kuwa?"

"Wasa ne, Issifu. Almajiran Yesu ma masu kama kifi ne."

"Su ma saki suke yi? Annabi Ibrahim dai rago aka ba shi, ba kifi ba!"

Ranar Juma'ar da ke kafin bikin Ista Kiristoci da yawa ba sa cin nama, sai kifi. A ranar, Mista Tete zai zauna hannu rabbana, Baba na kaɗa masa hayaƙin tsire a hanci da gangan.

Wata shekara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Mista Tete, benci ya zama wayam. Da safiyar Juma'ar kafin Ista 'yarsa Dede ta zo tana hawaye. Tsohon ya rufe baki, koko ma ya ƙi, likita kuma ya ce in bai ci ba sai abin da Allah ya yi.

"Ya ce gashinka kawai yana so, Baba. Amma yau ba ya iya ci nama."

Wallahi ranar Baba ya ba ni tausayi.

Ya karɓi sandar abokinsa ya hau mota zuwa Densu da babbar rigarsa ta Juma'a. Ƙugiya ta kamo silifa, ta kamo leda, daga ƙarshe ta kamo hannun rigar. Wani mai kwalekwale da dariya ta ishe shi ya miƙo masa tarwaɗa mai rai a bokiti.

Bayan an sauko masallaci unguwa ta taru. Baba ya wasa wuƙa, ya sa Sayibu mai shayi ya danne wutsiya, ya juya kan tarwaɗar gabas yana laluben wuya.

"Mai gida, kifi fa ba a yanka shi," in ji Mulikatu.

"Yi mini shiru! Ni ban ba abokina mushe."

Tarwaɗa ta zille ta mari Sayibu, sai da aka kamo ta a ƙarƙashin benci. Baba ya yi bisimilla, ya yi kabbara, ya yanka. Ya tsire ta a tsinke, ya bulbule ta da yaji, rabinta ya zube cikin garwashi. Sauran ya naɗe a takarda ya kai da kansa.

Mista Tete ya ci loma ɗaya, ya ƙara, ya cinye tas. Da karkataccen bakinsa ya ce, "Kai ka kama?"

"Ni na yanka."

Tsohon ya yi dariya har hawaye, sannan ya nemi koko.

Ya ƙara shekara biyu a duniya. Har yau duk ranar wannan Juma'a za ka ga tarwaɗa guda a gefen wayar Baba. Ba ya sayar da ita, ba ya ci. In ta gasu sai ya naɗe ya kai wa Dede, ya dawo ya zauna a gefe ɗaya na bencin, ya bar ɗaya gefen.