Lalle a Yatsu Uku

Duk wanda ya ga hannuna na dama sai ya sake kallo. Yatsu uku, manuni da na tsakiya da na kusa da ƙarami, kawunansu jajaye ne har sun doshi baƙi. Wasu su kawar da kai, wasu su tambaya. A Jidda an taɓa tambayata ko wani sabon salo ne na makaɗa. Ba salo ba ne, aikin kakata ne.

A unguwar Zahir aka haife ni, a nan Makka, a gidan da kakata ta wajen uba take mulki. Iyayenta ne suka taso da ita daga Kano tana ƙarama, ta ƙasa, suka ratso Chadi da Sudan, suka yi aikin Hajji suka zauna. Sa'o'ina da yawa Hausarsu ta tsaya a "ina kwana", amma ni a ɗakinta na tashi, ita kuwa ko shekara za ka yi kana mata Larabci da Kananci za ta amsa maka. Tana kirana maigida, ina kiranta amarya, kamar yadda jika da kaka suka saba. Sana'ata gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wadda a garin nan in ta mutu mai ɗakin ma ya kusa. Da ita nake cin abinci. Amma abin da ya sace zuciyata jitar bes ce.

Kiɗan da nake so ana ce masa metal, kuma a cikinsa ma ɓangaren da ya fi kowanne zafi. Mai ganga yana zuba duka da ƙafa biyu kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, masu jita suna ta yanka, mai waƙa yana gurnani daga can cikin maƙogwaro. Wanda bai saba ba zai rantse faɗa ake yi. A ƙarƙashin wannan hargitsi duka akwai mutum ɗaya da ke riƙe da kowa, shi ne mai bes, mai jitar nan doguwa da ke fitar da murya mai kauri. Ba kowa ke lura da shi ba. Cire shi ka ji yadda kiɗan zai koma fanko.

Ranar da na fara ganin gwanin bes a waya ina zaune a shagonmu, kuma ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Wani dogo ne mai gashi har gadon baya, daga ƙasashen nan masu sanyi. Yawancin masu bes da yatsu biyu suke kaɗawa, ko da risha, ɗan ɓallin roba da ake riƙewa a kaɗa tsirkiya da shi. Wannan bawan Allah da yatsu uku yake yi, ɗaya na bin ɗaya, har ido ba ya iya raba su, kuma duk dukan da mai ganga ya yi da ƙafa sai ya same shi a wurin yana jira. Daga shi na gano wasu. Akwai mai tsirkiya shida. Akwai wanda wuyan jitarsa sumul yake, babu 'yan ƙarafan nan da ke nuna wa yatsa inda zai sauka, kunnensa kawai yake bi, amma ko sau ɗaya ba ya kuskure. Na kalle su har na haddace yadda kowa ke karya wuyan hannunsa. Na ce ni ma da yatsu uku zan yi, ko sama da ƙasa za su haɗe.

A hankali na tara kayana. Jitata baƙa ce, mai tsirkiya biyar, na saye ta hannu a Jidda. Tsirkiya ta biyar ita ce abar sona, kaurinta ya kusa na igiyar shanya, in ka taɓa ta ba kunnenka ne zai fara sani ba, cikinka ne. Ina da feda guda, 'yar akwatin ƙarfe da ake takawa, wadda ke sa wa muryar jita kaushi da cizo don kada sauran kayan kiɗa su binne ta. Sai amfilifaya, na'urar ƙara murya, da akwatinta mai sifika huɗu, wadda na hau da ita ɗakin saman bene da taimakon abokin aikina, ina faɗa wa mutanen gida wai kayan mukayyif ne.

Ɗakin nan daidai saman na kakata yake, amma hakan bai dame ni ba, don kunnenta ya yi nauyi tun tuni. Sai ka tsaya gabanta ka ɗaga murya kafin ta kama zancenka. Saboda haka kullum bayan la'asar, kafin sauran 'yan gida su dawo, sai in rufe ƙofa in saki tsirkiya ta biyar son raina. Shekaru na yi a haka, yatsuna suka yi kanta, har na kai inda in na kaɗa ni kaina sai in yi dariya don daɗi.

Sai lokacin aikin Hajji ya zo. Duk ɗan Makka ya san ba a yin komai a lokacin sai hidimar baƙi. 'Yan uwa daga Kano suka riƙa sauka a gidanmu su huta, aka ba su ɗakin sama, aka lulluɓe akwatin sifikata da zanin gado, wani dattijo ya mayar da ita teburin shayi. Ni kuma ina unguwar Misfala, daga wannan masauki zuwa wancan, hannuna cikin ruwa da sabulu ina wanke cikin mukayyif. Makonni ban taɓa tsirkiya ba. Kantar yatsuna ta jiƙe, ta saɓe, ta bar ni da fata mai laushi irin ta ɗan ofis, ni kuwa ko lura ban yi ba.

Baƙi suna tafiya sai ga waya daga Jidda. Mai gangar wata ƙungiyar makaɗa ne, wadda na daɗe ina bin kiɗanta. Ya ga wani ɗan bidiyona. Mai bes ɗinsu aiki ya mayar da shi Riyad, suna neman wani, kuma mu biyu za su gwada, ni da wani, ranar Juma'a ta sama. Ya ce mai kaɗawa da yatsu suke so, ba mai risha ba.

Abin nema ya samu! Na ajiye wayar na yi tsalle har na buge kaina da ƙofar shago. Tun da na fara, ni kaɗai nake kiɗa da bango huɗu. Ban taɓa jin yadda tsirkiyata za ta zauna a kan gangar mutum mai rai ba, kuma a garinmu irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu.

Murna ta sa na tafka wauta. Na cire tsofaffin tsirkiyoyina na ɗaura sababbi na farin ƙarfe, masu kaifin murya, irin waɗanda gwanayen nan ke sawa. Duk mai bes ya san sababbin nan kaushi ne da su kamar magagari. Na sani, amma zumuɗi ya rufe mini ido. Na zauna da laushin yatsuna na yi ta zuba gudu tun la'asar har magariba, ina jin zafi ina cewa daɗi ne. Washegari yatsun uku suka yi bororo. Na ƙara a kai. Rana ta uku suka fashe, ko cokali ba na iya riƙewa.

Abokin aikina ya dubi hannun ya girgiza kai.

"Ya shaikh, halas, shi ke nan, ka ɗauki risha mana. Wa zai kashe ka?"

"Sun ce yatsu suke so."

"To sai ka ba ɗayan wurin. Sauri ya haifi nawa."

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in shaƙe shi.

Da yamma na shiga gaida kakata, hannuna a aljihu. Tana zaune a kan dardumarta tana tsince shinkafa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Maigida, fito da hannun nan."

Na matsa kusa da kunnenta na ɗaga murya. "Amarya, ƙarfen mukayyif ne ya yanke ni."

"Mukayyif ɗin da ke saman kaina? Wanda ke sa kwanukana rawa kullum bayan la'asar?" Ta nuna jeren kwanukanta na tasa a kan kabad. "Kifi na ganinka, mai jar koma. Jiya da shekaranjiya ka yi ta yi kamar mai korar ɓarawo, yau kuma tsit. Na ce to, ango ya ji ciwo."

Na yi tsuru-tsuru. Ashe muryar bes ba ta bin iska kawai, siminti take bi ta sauko. Duk shekarun nan da nake ganin na yi wayo, a kan gadonta kiɗan ke sauka. Na jira faɗa, don a ganina tsohuwar da ta kusa haddace Alƙur'ani ba za ta bar wannan ya wuce ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko abin yana hana ni sallah. Na ce a'a. Ta ce ta sani, don in an kira sallah kwanukan suna yin shiru. Sai na zauna na kwashe labarin Jidda duka na faɗa mata da ihu a kunne.

Ta juya yatsun a tafin hannunta ta yi tsaki.

"Kai dai sakarai ne. Wa ya ce maka ana hawa sabon aiki da ɗanyar fata? Ɗauko min garin lallen nan da lemon tsami."

"Lalle? Ni? Amarya, namiji ne fa ni!"

"Da muka taho daga Kano, me kake zato ya riƙe ƙafar ubana a hanya? Ba namiji ba ne shi? Lalle yana ɗaure fata. Amma ba yau ba, sai ciwon ya kame."

Da ruwan gishiri mai ɗumi ta fara, na yi ta raki tana yi mini dariya. Da bakin ciwon ya bushe sai ta kwaɓa lallen ta ƙunsa mini yatsun uku, ta ɗaure da tsumma. Haka ta riƙa yi kullum da safe bayan ta idar da lazimi. Sannan ta kafa doka: ba zan taɓa tsirkiya da hannun dama ba sai ta ce. Wannan dokar ta fi gishirin zafi. Juma'a na matsowa, ni ina zaune da jita a cinya ina motsa hannun hagu kawai, ina sauraron waƙoƙin ƙungiyar har na san inda mai gangar ke numfashi. Sau ɗaya na saci taɓawa a hankali. Ban kai ga ajiye jitar ba na ji sandarta tana dukan silin daga ƙasa. A masallacin unguwa kuwa abokai suka sa ni gaba, wai yaushe aka ɗaura auren ba a gayyace su ba.

Ranar Alhamis ta danna kan kowane yatsa da farcenta, ta ce, "Je ka gwada, kaɗan." Na hau sama da gudu. Fatar ta yi tauri, ba irin kantar da ba, amma ta riƙe. Na yi ihu ni kaɗai a ɗaki.

Bayan an sauko daga Juma'a na kama hanyar Jidda. Ɗakin gwajin ƙarami ne, an manne bangonsa da soso. Abokin takarata ya riga ni yi, kuma ya iya, ba zan ci amanarsa ba. Da aka zo kaina na jona waya, na taka feda, mai gangar ya buga sandunansa, muka faɗa. Wayyo daɗi! Ƙafafunsa suna zuba, yatsuna uku suna sauka a kan kowane duka, har na daina sanin wane ne nawa wane ne nasa. A tsakiyar waƙa ta biyu ya ƙara gudu da gangan don ya ga ko zan zube. Na bi shi. Na ji manunina ya ɗan tsage a gefe, na ce yau ko jini ne sai dai ya zuba. Bai zuba ba. Da muka tsaya ya jefar da sandunan, ya taso ya kama hannuna yana dubawa.

"Esh hada? Mene ne wannan?"

"Lalle ne. Kakata ce ta sa min."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Wallahi ka gaishe ta. Halas, wurin naka ne."

Ban san yadda na tuƙo motar zuwa Makka ba. Na iso rana ta yi sanyi, na faɗa ɗakinta, ba ta nan. A ɗakin sama na same ta, zaune a kan kujerata tana haki, ita da ta shekara ba ta hau matakalar nan ba saboda gwiwa. Ta dubi fuskata ta gane, ba sai na faɗa ba.

"To, kunna min abin in gan shi da idona."

Na jona, na rage ƙara sosai, na taɓa tsirkiya ta biyar. Ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a jikin akwatin sifikar, ta lumshe ido.

"Maigida, muryarka ta daɗe da ɓace mini. Bakinka kawai nake gani yana motsi, in yi ta cinta. Amma wannan ina jin ta har ƙirjina. In ta fara, na san kana gida, kana lafiya. Kwanakin nan da na hana ka, gidan ya yi min shiru da yawa."

Hawaye suka cika mini ido. Ita kuwa ta buɗe nata ta harare ni.

"Me ka tsaya kallo? Ƙara mana, kafin a kira magariba."

Na murɗa ƙarar, ta gyara zaman hannunta a jikin akwatin.