Kawu Na-Saya

A layinmu in ka ce kana neman Kawu kafinta, sai an tambaye ka wanne, don kafintocin da yawa. Amma in ka ce Kawu Na-Saya, har hannunka za a riƙe a kai ka. Sunan ya samo asali ne daga wata safiya da Kawu ya cire ƙofar gidan mutane, ya jingine ta a bango, ya kafa tasa yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, saboda a saninsa gidan ya zama nasa tun jiya.

Kawu gajere ne, kakkaura, da fensir a bayan kunne ko da asibiti za shi. Ba ya wuce katako bai ƙwanƙwasa ba. In ya zo gaishe ka, kujerarka yake fara gaisarwa, ya girgiza ta, ya ce, "Wa ya yi maka wannan? Allah ya yafe masa."

Gidansa shi ya gina. Lokacin da ya sayi filin, unguwar gonaki ce, kuma manomin da ya sayar masa bai matsa masa ba. Duk ƙarshen wata Kawu yakan kai masa abin da ya samu, ragowar kuma da gado da kabad ya cike. Ginin ma sannu-sannu aka yi: duk haihuwa ɗaki. Shi ya sa babu ɗakuna biyu a gidan da daɓensu ya zo daidai, kuma baƙo sai ya yi tuntuɓe kafin ya saba. A bayan gida akwai wata doguwar rumfa da ya cika da katakai tun yana da ƙarfi, kowane falle da tarihinsa. In matarsa, wadda duk muke kira Gwaggo, ta ce a rage su ta sami wurin shanya, sai ya ce, "Bar su, ranarsu na zuwa."

Aibin Kawu ɗaya ne, wato wata huɗuba da ke farawa da "Ni a shekarunka." Ya yi wa 'ya'yansa ita har suka watse garuruwa, sai ta rage a kan Auta. Auta yana aiki a wani kamfanin ɗab'i, yaro mai natsuwa, ba sigari ba yawo. Albashinsa kan shigo waya da safe, kafin yamma ya yi sallama: a cire bashin babur, a ware na haya, ga wuta, ga ruwa, ga kuɗin makarantar 'yarsu. Shi da matarsa, wadda take ɗinki, suna haya a ɗaki ɗaya da suka raba da labule, suna kiran gaban labulen falo. Ga matar kuma cikinta ya tsufa.

"Ni a shekarunka," in ji Kawu, "ɗaki uku na yi, da rijiya."

"Da rijiya," Gwaggo takan amsa daga kicin, don ta haddace.

"Ku kuwa waya kawai kuka iya shafawa."

Auta sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Da mai gidan hayarsu ya ba su notis, wai zai mayar da ɗakunan shaguna, Auta bai faɗa wa mahaifinsa ba. Matarsa ce ta faɗa wa Gwaggo, Gwaggo kuwa ba ta iya riƙe magana ta kwana. Ranar hutu da Auta ya zo cin abinci, Kawu ya yi masa huɗubar tun daga filin har rijiyar, a gaban matarsa. Auta ya wanke hannu ya tafi. Hutun da ya biyo baya bai zo ba, na gaba ma haka.

"Ka kore min yaro da bakinka," Gwaggo ta ce.

"Neman gida ne bai iya ba. Bari in nuna masa yadda ake yi."

Ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya nemo dillali, wani saurayi mai waya biyu da tarin makullai a ƙugu. Dillali ya kai shi wani gida mai ɗaki biyu da falo, a jikin gidan mai shi, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ake kira Sista. Kawu ya zaga, ya leƙa kicin, ya buɗe famfo, ya ƙwanƙwasa ƙofar shiga.

"Wannan kwali ne, ba ƙofa ba. To, nawa?"

Dillali ya faɗi kuɗin. Kawu ya dafe hularsa. Kuɗin ya ninka abin da ya kashe a fili da gini da rijiya sau ba adadi. Amma ya sha jin ana cewa komai ya yi tsada, kuma gida ai gida ne.

"Shekara biyu za a biya, Baba," in ji dillali.

Abin da yake nufi shi ne hayar shekara biyu, a dunƙule, kafin a shiga. Abin da Kawu ya ji shi ne an ba shi shekara biyu ya biya kuɗin gidan a hankali, kamar yadda manomin nan ya yi masa. Fuskarsa ta washe.

"Shekara biyu? Ashe har yanzu akwai mutanen kirki. Na saya!"

Dillali ya ɗauka salon maganar tsofaffi ne. Ya karɓi kafin alƙalami, ya ba da makulli don iyali su zo su gani, ya hau babur yana amsa waya biyu a lokaci ɗaya.

Washegari da sassafe Kawu ya ɗora wata ƙofa a kurar turawa, wadda ya ƙera da hannunsa ya ɓoye a rumfa, mai nauyi kamar ta banki. Ya sa Gwaggo ta kira Auta ta ce ya zo da matarsa, akwai abin gani. Ya ɓalle kwalin Sista, ya kafa tasa, yana cikin ɗaure pata ta ƙarshe sai ga Sista ta fito da buroshi a baki.

"Bawan Allah, me kake yi wa gidana?"

"A'a, ke ce mai shi da? Sannu, Hajiya. Allah ya saka da alheri, kin yi mana sauƙi."

"Mai shi da? Da yaushe?"

"Da jiya."

Sista ta cire buroshin. Maƙwabta suka fara leƙowa. Daidai nan Auta ya iso da matarsa a bayan babur, ya tarar da mahaifinsa riƙe da sukundireba yana yi wa wata mata bayanin cewa ba ya son gardama da mace, a kira dillali. Aka kira dillali. Ya zo, ya saurara, sannan ya juya ga Auta.

"Yallaɓai, don Allah kai ka gaya masa."

Auta ya durƙusa kusa da akwatin kayan aikin. "Baba, haya ce. Kuɗin da ya faɗa na zaman shekara biyu ne. Kuma gaba ɗaya ake biya, kafin a shiga."

"In shekara biyun ta cika fa?"

"Sai a sake biya. Kuma lokacin ya ƙaru."

"Gidan fa?"

"Gidan na Sista ne."

"Har yaushe?"

"Har illa ma sha Allahu," in ji Sista. Dariya ta ƙwace mata, sai da ta dafa sabuwar ƙofar.

Kawu ya zauna a kan akwatinsa. Ya cire fensirin daga kunne, ya juya shi, ya mayar. Sannan ya yi wa Auta tambayar da bai taɓa yi masa ba, wato nawa ne albashinsa. Auta ya matso ya faɗa masa a kunne. Kawu ya dubi gidan, ya dubi babur, ya dubi surukarsa da ke tsaye tana tallafe da baya.

"Da wannan kuke ci har ku yi ƙiba?"

"Ni dai ba ƙiba ba ce, Baba," in ji surukar, ta rufe fuska da mayafi.

Tsohuwar ƙofar ba ta koma ba, don wurin cirewa katakon ya marmashe. Dole tasa ta zauna. Sista ta sa dillali ya mayar da kafin alƙalamin, shi kuma ya zare kuɗin duba gida yana rantsuwa cewa doka ce. Kawu ya biyo kura ba komai a cikinta zuwa gida, kuma kafin ya iso labari ya riga shi. Mai aski da ke bakin layi, abokin wasansa tun suna samari, shi ya fara ɗaga murya: "Na-Saya! Sannu da ciniki!"

Kwana biyu Kawu bai fita ba. A na ukun Gwaggo ta ji ƙarar katako a bayan gida, ta leƙa, ta tarar yana fitar da fallayen nan ɗaya bayan ɗaya, yana ware na rufi da na taga, sauran kuma ya kira mai saye. Kuɗinsu ya zama bulo da siminti, aka ɗora gini a inda rumfar take.

Kawu bai iya ba da haƙuri ba, bai kuma koya ba. Abin da ya yi shi ne ya hau motar haya har kamfanin su Auta, ya jira shi a bakin get.

"Ina neman ɗan haya," ya ce. "Ɗaki biyu, bayan gidana. Mai gidan yana da surutu, amma an ce ya rage."

Komawa gida da mata da 'ya ba abin da Auta yake so a ji ba ne. "Baba, mutane za su ce na kasa."

"Mutane sun shagala da ni, ba su da lokacinka."

Surukar ce ta kafa sharaɗi, ta bakin Gwaggo: a fasa musu tasu ƙofar ta lungu, kada masu kawo ɗinki su riƙa bi ta gaban Baba yana ƙwanƙwasa musu jaka. Auta kuma ya dage sai ya riƙa biyan kuɗin wutar gidan duka. Kawu ya yarda, kuma tun daga ranar bai ƙara kashe fanka ba. Sun tare kafin haihuwa da 'yan kwanaki. Daɓen sababbin ɗakunan ma bai zo daidai da na kowa ba.

Huɗubar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Wani lokaci takan taso masa, ya ce, "Ni a shekarunka," Gwaggo ta kasa kunne daga kicin tana jiran rijiya, sai ya yi tari ya ce a miƙo masa jaririn.

Kwanan baya muna zaune a bencin mai shayi, Kawu ya zo wucewa da jikarsa a hannu zai raka ta makaranta. Mai aski ya ajiye kofi.

"Na-Saya, yaushe za ka kai mu mu ga gidan naka na wajen Sista? Ko ka sa 'yan haya?"

Kawu ya tsaya, ya ƙwanƙwasa bencin da muke kai, ya girgiza kai.

"Na duba na ga ya yi wa jikokina nisa, sai na ƙara masa ƙofa na bar wa baiwar Allah kyauta. Kai tun da kake aski, wa ka taɓa ba gida?"