Rigar Yaya a Gaban Akwatin Hoto

Yayana mutum ne mai son kaya, kowa a Wagini ya san shi da haka. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da wake, da 'yan awaki a bayan gida. Amma in ya dawo daga gona ya yi wanka ya zura riga, sai ka ɗauka wani baƙon birni ne ya ɓato hanya. Dogo ne, baƙi wuluk, mai faɗin kafaɗa. Shekara bakwai ya ba ni. Tun da Baba ya rasu shi ke riƙe da gidan: Inna, da ni, da matarshi, da ɗiyarsu da ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Ni ɗinkin hannu na koya wurin wani kawunmu a Ruma. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, Turawa na nan da mulkinsu, Yaya ya sayo saƙi mai kyau ya ajiye a gabana.

"Aska takwas nake so," in ji shi. "Kada ka yi mani sauri. In shekara za ta ci, ta ci."

Wata tara na yi a kanta. Da zaren tsamiya na yi aikin, tun daga wuya har ƙasan aljihu, duk nauyin adon yana ɓangaren hagu kamar yadda aka saba. Da na gama aka kai wa mabuga, suka buge ta har shuɗin ya koma yana ɗaukar ido. Ban taɓa yin aiki kamarta ba, kuma ni ma na san haka. Kaina ya kumbura ƙwarai a lokacin.

Cikin waɗannan watanni ne wani tabo ya fito wa Yaya a kuncin hagu, ƙasan ido. Bai fi faɗin yatsa biyu ba, ja-ja haka, ya fi sauran fatar haske, bakinshi ya ɗan tasa. Inna ta ce ƙyasfi ne, ta daka ganye tana shafa mashi. Dukanmu muka ce ƙyasfi ne. Wata safiya muna jin ɗumi, na ga garwashi ya faɗo mashi a ɗan yatsa, yana ta magana bai janye hannun ba sai da na buge shi. Ya dubi yatsan, ya dube ni, ya ci gaba da zancen da yake yi. Ban faɗa wa kowa ba.

Bayan an gama girbi aka ce wani mai hoto ya sauka a Batsari, zai yi kasuwa biyu ko uku ya wuce. A duk ƙauyenmu babu mai hoton kanshi, sai wani tsohon soja. Malaminmu na allo ya ce shi bai ga amfanin mutum ya ajiye inuwarshi a takarda ba, amma bai hana ba. Yaya ya naɗe rigar cikin zane, ya ɗauki jar hularshi dara, muka kama hanya da sassafe.

Mai hoton ɗan tsamurmurin dattijo ne, Hausarshi ta mutanen Zariya, yatsunshi duk sun rine da magani. Ya kafa akwatinshi mai ƙafa uku a bayan rumfar masu gishiri, inda wani bangon ƙasa ya ba da inuwa. A jikin bangon ya rataya wani labule mai zanen bene da itatuwa. Akwatin na da ido ɗaya a gaba mai murfi, a baya kuma wani baƙin hannun riga da yake zura hannu ciki. Ga bokitin ruwa a ƙasa. Mutane sun yi da'ira suna kallo.

Da Yaya ya sa rigar, sai kowa ya zuba mashi ido. Mai hoton ya zagaya shi sau biyu.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ƙanena ne," in ji Yaya, ya nuna ni.

"Allah ya yi wa hannunka albarka, samari."

Ya fara da sauke labulen nan. Ya ce benen zai yi wa rigar kishi, ido ba zai san inda zai tsaya ba, gara bango tsurarshi. Ya kawar da kujera ya ce irin wannan tufa ba a zama da ita. Ya tsayar da Yaya taku biyu daga bango, ya yafa mashi hannun rigar na dama a kafaɗa, ya bar na hagu ya zubo. Sannan ya rage tsawon ƙafafun akwatin har idon ya zo daidai cibiyar Yaya. Na tambaye shi dalili.

"In na kalle shi daga sama, ya gajarce. Daga ƙasa kuwa sai ya ƙara tsawo, rigar ta buɗe kamar rumbu."

Yaya ya so a fita da shi tsakiyar rana don shuɗin ya yi ƙyalli. Mai hoton ya ƙi. Ya ce ranar tsaka tana mai da idon mutum rami biyu, hanci ya zubo da inuwa har leɓe. A cikin inuwa, in ji shi, haske yana kwanciya a fuska lumui, ba ya tona komai. Yanzu ina zaton tun a lokacin ya ga kuncin, ya kuma san abin da yake yi.

Ni ne na ɓata. Na tsaya a bayan akwatin na duba, sai na ga a cikin inuwar nan aikina ya mutu. Zaren tsamiya ya kwanta, askar da na yi wata uku ina cikewa ta zama kamar an shafa da alli. Na san sirrin ɗinki: ba ya fita sai haske ya zo mashi ta gefe, kowane ɗinki ya yi 'yar inuwarshi. A ƙarshen bangon akwai inda hantsi ke ratsowa ta gabas. Na ce a matsar da shi can, a juya hagunshi ga rana.

"Samari, bar shi a nan," in ji mai hoton a hankali.

"Malam, wata tara na yi. In aikin bai fito ba, me muka zo yi?"

Ya dubi Yaya. Yaya ya yi dariya ya ce, "Yi mashi yadda yake so, kada ya hana ni barci da mita."

Aka matsar da shi. Hasken ya bugi ƙirjin rigar ta gefe, adon ya tashi ɗaya bayan ɗaya, har sai da wani a cikin 'yan kallo ya yi salati. Mai hoton ya ce kada ya motsa, kada ya ƙifta. Ya cire murfin, ya ƙirga a bakinshi, ya mayar. Ya zura hannu cikin akwatin ya daɗe yana motsi, sannan ya zaro wata jiƙaƙƙiyar takarda ya tsoma a bokiti.

Takardar farko a juye take fitowa, sai an sake ɗaukar ta kafin ta zama hoto. Baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Fuskar Yaya ta fito fara fat kamar ta wanda ya faɗa cikin gari. A kan wannan farin, ƙasan ido, ga tabon nan baƙi ƙirin, da bakinshi a zane kamar an bi shi da alƙalami. Ga wani ƙarami a goshi wanda ko mu ba mu taɓa lura da shi ba. Mai hoton ya sa babban yatsa ya rufe wurin, ya yi kamar yana goge datti. Amma mutane sun riga sun leƙo.

Wani mahauci da ya san mu ya dubi takardar, ya ɗaga kai ya ƙura wa Yaya ido.

"Kai, wannan ai ba ƙyasfi ba ne. Haka na wan babana ya fara. Kuturta ce."

Babu wanda ya ce mashi ya yi shiru. Da'irar ta buɗe, kowa ya ja baya taku ɗaya. Yaya na tsaye inda aka tsayar da shi, hannun riga a kafaɗa, bai motsa ba, kamar har yanzu murfin a buɗe yake.

Mai hoton ya kori mutane, ya ce ya tashi aiki sai bayan azahar. Mu ya ce mu zauna. Ya ɗebo ruwa a moɗarshi ya miƙa wa Yaya, da Yaya ya sha shi ma ya sha a gabanmu. Ban manta da wannan ba.

"Maigida," ya ce, "waccan takarda ba ta yi ba, laifin haske ne. Tashi in sake."

Wannan karon na bar shi da aikinshi. Ya mai da shi cikin inuwa, ya juya shi ta yadda damarshi ke fuskantar fili, hagunshi na fuskantar bango. Ya ɗan karkatar mashi da haɓa. Ya tura mashi hannuwa cikin riga. Ni ya ba ni farin zane ya ce in riƙe ta dama, ya riƙa mayar da haske a kuncin lafiya. Haka na tsaya riƙe da zanen.

Hoton ya fito da kyau. Rabin fuskar a haske, ido a buɗe, rabi ya nutse cikin duhu, ba tabo ba alamarshi. Duhun nan ya gangaro ya cinye aljihu da aska da duk abin da na ɗinka, sai wani ɗan tsinin ado kusa da wuya. Jar darar ta fito baƙa, shuɗin rigar ya zama toka-toka. Mai hoton ya ce haka takardar take, ba ta ganin ja, shuɗi kuma tana kodar da shi. Bayan ta bushe ya fiddo wani ɗan gwangwani mai launuka da siririn buroshi. Ya mayar wa hular da janta. Ya shafa wa rigar shuɗi, amma irin shuɗin bular wanki ne, ba na baban rini ba. Na buɗe baki zan ce ba haka launin yake ba, na rufe.

Yaya ya ce a ba shi har da takardar farko. Mai hoton ya ce ba a bayarwa. Yaya ya ce, "Fuskata ce." Mai hoton ya ba shi.

Muka kamo hanyar komawa har muka hango rumbunan Wagini. Na ce, "Yaya, ka yafe mani. Ni na sa aka kai ka rana."

"Kai ka sa mani ciwon?"

"A'a."

"To rufe mani baki."

Labari ya riga mu isa gida. Kafin sati ya zagayo, surukanshi suka zo suka ce ɗiyarsu za ta je ganin gida da yarinya. Ta fita tana kuka, kuma ba ta dawo ba. Ban ga laifinta sosai ba, ba ita ke da iko ba. A masallaci mutane suka fara barin gurbi a gefenshi, sai ya koma yin salla a gida. Wanda ya saba sayen awakinshi ya ce sai dai ni in kai.

Mai unguwa ya ce akwai malamin asibiti da ke zuwa Safana duba masu irin wannan ciwo. Na raka shi a kan jaki. Malamin ya ce ya rufe ido, ya riƙa taɓa shi da auduga yana cewa ya nuna inda ya ji. Goshi ya nuna, wuya ya nuna. Da aka taɓa kuncin, Yaya na zaune ido a rufe yana jira. Aka sake taɓawa. Yana ta jira. Ni na juya baya.

Aka rubuta shi, aka ce ya riƙa zuwa karɓar ƙwaya. Shi da kanshi ya yi bukka a bakin gonarmu ya koma can da akushinshi da butarshi. Inna ta yi ta roƙo, ya ce ba ya so a ƙaurace wa gidan gaba ɗaya, ga ni ban yi aure ba. Hoton mai launi ya aika wa ɗiyarshi. Takardar farko kuwa ya soke ta a jikin zanan bukkar, har damina ta cinye ta. Rigar ya ce in sayar, na kai kasuwa uku babu wanda ya ko taya. Ƙarshenta da ita yake lulluɓa lokacin sanyi.

Ƙwayar ta yi aiki, tabon ya dushe. Amma jin da ya tafi daga hannu da ƙafa bai dawo ba. Yana noma ƙota na cin tafinshi bai sani ba. A shekara ta biyar ya taka kututturen dawa, ya yini yana aiki da shi a ƙafa, sai da Inna ta kai mashi fura ta ga jini a sawunshi. Gyambon ya ƙi warkewa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi. Muka yi niyyar kai shi Safana, rafi ya kawo ruwa, jaki ya ƙi shiga. Kwana uku muna jiran ruwa ya janye. A na huɗu da hantsi ya cika, kanshi a cinyar Inna.

Ni da malaminmu na allo muka yi mashi wanka. Tsohon bai ɗaura komai a hannu ba. Mu tara muka yi mashi salla, har da mahaucin nan, wanda ya tako tun daga Batsari cikin taɓo. Bayan mun dawo daga maƙabarta Inna ta ce a bar bukkar a tsaye, kada a ƙone ta kamar yadda maƙwabta suka nema. Geron da ya shuka ya kai gwiwa, ciyawa ta fara cin shi. Washegari na ɗauki fartanyarshi na shiga.