Malam Ɗan'ige da Tukunyar Gas

Ku da kuka san Malam Ɗan'ige kun san hancinsa ke riga shi shiga ɗaki. Ko gidan suna ya je sai ya shaƙi iska ya ce, "Wani abu na yoyo nan!"

Shekarar da muka samu 'yancin kai aka turo ni ɗakin gwaji na asibitin Illela, in yi aiki ƙarƙashinsa. Tukunyar gas guda gare mu, da wutarta muke dafa fitsari don gwaji. A jikin tiyonta akwai mataci, ɗan bututun gilashi cike da auduga, mai tare datti kada ya toshe wutar. To ni, wallahi, tsoron tukunyar nan nake kamar kura. Kuma an gaya min muddin ban iya ta ba, gida za a mayar da ni, ga mata ga goyo.

Audugar asibiti kuwa, Malam ba ya sa ta a matacin, sai ta gonarsa ta Amarawa. Na ce, "Malam, ga ta gwamnati fa."

"Mi ta sani? Wagga ni na shibka ta, na san uwatta, na san ubanta!"

Wata rana ya ba ni kumfar sabulu in shafa wa tiyo don neman yoyo. Kumfa ɗaya ta kumbura, na yi salati na bi ta taga, na faɗa tsakiyar masu jiran magani. Wata tsohuwa 'yar Ƙonni ta ce, "Subahanallahi! Likita, hwarhwaɗiya ta?"

Malam ya leƙo. "Ku bar shi, inna, taga shika gwadawa."

Ranar da babban likita zai zo daga Sakkwato ya duba aikina, sai ga Malam da hannu naɗe da tsumma, wai kunama ta harbe shi. Ga mataci ya toshe, ga mutane jingim. Dole ni zan canja audugar, Malam na tsaye a kaina yana ba da umarni.

"Ruhe tukunya. Hidda tsohuwar audugar. Kai, sannu! Buhun gero kaka cusawa?"

Na sa sabuwar auduga, ina jan duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Babban likita na sallama, wuta ta tashi shuɗiya shar.

Da azahar na iske Malam yana narkar tuwo da hannun nan, lafiya lau.

"Malam, ina kunamar?"

"Ta ga ka iya, ta amshe dahinta."

Da aikin nan na ciyar da 'ya'yana har tsufa, kuma bai taɓa tsayawa na yi masa godiya ba. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Malam, ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa min a nan.