Ranar da Agogo Ta Zazzage Jakarta

Matso nan kusa, ja kujerar nan ka zauna, ka kife wayar tukuna. Labarin wata mata zan ba ka, kuma ina gaya maka tun yanzu, duk sanda na tuna shi sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru.

A shagon wanki da guga na bakin titinmu, wanda ke tsakanin mai faci da mai sayar da katifa, akwai wata mai guga da kowa ke kira Agogo. Abokan aikinta ne suka laƙaba mata sunan, don ba a taɓa ganin ta buɗe shago bakwai da minti ɗaya ba. Mai faci ma cewa yake shi ya daina duba lokaci da safe, in ya ji ƙofar ƙarfen nan ta yi ƙara ta tashi sama, ya san bakwai ta buga. Gajeriya ce mai kaurin hannu, da tabon ƙuna biyu a damtsen dama. Shekara goma sha huɗu tana tsaye gaban teburi ɗaya, ƙarƙashin wata fanka mai kuka da ba ta iya komai sai juya tururi. Dokarta a shagon guda ce: ba a karɓar kaya sai an zazzage aljihu a gaban mai su. Ta taɓa ganin abin da biro ɗaya ya yi wa fararen riguna goma sha biyu, ba ta marmarin sake gani.

Shekara tara da suka wuce aka gaya mata tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ta yi kukanta kwana uku, a na huɗu ta wanke fuska ta je ta karɓi magani. Mijinta mai gyaran firji ne, an gwada shi ba a same shi da ita ba. Da ta ce masa in zai tafi ya tafi tun da wuri, dariya ya yi, ya ce shi da ma abin da mutane suka fid da rai da shi yake tayarwa, ba inda za shi.

Ƙwaya ɗaya ce kullum, ƙarfe shida na safe. Robar maganin tana cikin gwangwanin maɓallai a saman kabad. A shekara taran nan ba ta taɓa tsallake rana ba. Ranar da mahaifiyarta ta rasu ma, gida cike da mutane, ta shiga ɗaki ta haɗiye abinta sannan ta fito ta ci gaba da kuka. Duk gwajin da aka yi mata amsa ɗaya ce: ƙwayar ta kwanta, har na'ura ba ta ganinta a jini.

Sai ga ciki, tana da shekara talatin da takwas, bayan sun riga sun haƙura. Likita ya zaunar da su ya ce muddin ƙwayar ta ci gaba da kwanciya har haihuwa, da wuya ƙwarai ta kai ga jariri. Agogo ta riƙe wannan magana da hannu biyu. A kanta take kwana, a kanta take tashi.

To, a asibitin nan, wajen awon ciki daban, wajen karɓar maganinta daban, baranda ɗaya ce tsakaninsu. A wajen awo sun ga katinta, sun san abin da take sha. Suka miƙo mata jan maganin ƙarin jini da wani babban fari na ƙarfin ƙashi a 'yar leda, an ja layi ɗaya a jiki, wato sau ɗaya a rana, aka kira ta gaba. A wata na huɗu kuma ƙwannafi ya sa ta gaba, ga tsayuwa, ga zafin dutsen guga, ƙirjinta kamar an hura gawayi. Mijin ya je kemis ɗin kwanar layinsu ya sayo mata farin ruwan nan mai kauri. Mai kemis bai tambayi komai ba, shi kuma bai faɗi komai ba, don mai kemis ɗin nan bakinsa ba ya rufuwa, abin da ka saya da safe kafin azahar mai aski ya ji.

Agogo mace ce mai son tsari. A shago ba ta kunna injin wanki sau uku in sau ɗaya zai yi. Sai ta haɗa su duka: shida daidai, ƙwaya uku a tafin hannu, ta kora da ruwa, ta bi da cokali biyu na farin ruwa, ciki ba komai, don karin safenta sai goma a shago. Har alfahari take da wannan dabara.

A wata na shida aka ɗebi jininta. Ranar karɓar sakamako ta shiga wajen nas ɗin da masu layi ke kira Jan Biro, saboda abin da ba ya rabuwa da hannunta. Matar ba ta ɗago kai ba. Ta ce ƙwayar ta tashi, ta yi yawa a jini, ta tambaya kwana nawa aka yi ba a sha magani ba. Agogo ta ce ko ɗaya. Jan Biro ta yi wani guntun murmushi, ta ce kowa haka yake cewa, ta ƙara da cewa in mutum bai tausaya wa kansa ba ai ya tausaya wa abin da ke cikinsa. Sannan ta rubuta a fayil da manyan baƙaƙe cewa ba ta shan magani yadda ya kamata, ta ba ta ranar zuwa ajin masu fashin shan magani.

"Sista, ni kike cewa ina ƙarya?"

"Ba ni na ce ba, baiwar Allah. Jininki ne ya ce. Ki turo ta gaba."

Kai ka ji fa. Shekara tara! Ba ta tambaye ta yadda take sha ba, ba ta tambaye ta da me take sha ba. Minti uku ba su cika ba aka gama da ita.

Ta koma shago. A ranar ta ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta kama dutsen guga. Da yamma maigidan ya dawo ya same ta zaune a bakin gado ko mayafi ba ta cire ba. Ya ji labari, sai kuma ya yi kuskuren da har yau yake cizon yatsa a kansa. Cikin lallashi ya ce ko dai akwai ranar da ta sha'afa, ko sau ɗaya, ai ɗan Adam ne. Nan ta wanke shi tas. Ta ce ashe shi ma ɗan ajin Jan Biro ne, ta ce shi da ke kwance yana minshari lokacin da take buɗe gwangwani, da wane ido zai ba da shaida. Kwana biyu ba ta ce masa uffan ba, abinci ma dangwarar masa take yi. Amma ba fushin ne ya fi cinta ba. In yaron ya motsa a cikinta, sai ta dafa wurin tana tunanin makomarsa. Ta yi duk abin da aka ce ta yi, to me kuma ya rage?

A rana ta uku wani mai gardama ya kawo kwat, ya rantse ba komai a aljihu, yana sauri. Ta ce masa ba ta aiki da rantsuwa, a zazzage a gani. Aka zazzage, sai ga hular biro da wata alawa da ta narke. Ta tsaya tana kallon teburin har mutumin ya fara tsarguwa. Sai ta zare wayar dutsen guga, ta bar shago a hannun abokiyar aikinta, ƙarfe goma na safe. Mai faci ya leƙo yana tambaya ko gobara ake yi.

Gida ta wuce. Duk abin da take haɗiya ta kwashe ta zuba a jaka, har man zafin da take shafawa a ƙugu. Ba ranarta ba ce a asibiti, amma ta bi layi har ya zo kanta. Kafin Jan Biro ta buɗe baki, Agogo ta kife jakar a kan teburinta. Robobi suka gangara kan fayil, kwalbar farin ruwa ta tsaya a gefen hatimi.

"Ga aljihuna, na zazzage. Ki duba ki nuna min inda ƙaryar take."

Jan Biro ta miƙe tana cewa nan ba kasuwa ba ce, a kwashe mata tarkace. Hayaniyar ce ta jawo dattijon da ke ba da magani a taga, wanda ake kira Baban Taga. Ya shigo da tabarau a karan hanci, bai kula kowa ba, ya ɗauki farar kwalbar ya juya ta. Ya ɗaga ledar jan maganin. Sannan ya tambaye ta, a hankali, ƙarfe nawa take shan kowanne, kuma da abinci ko babu. Ta gaya masa, har da ɗan ɗaga kai, don tana ganin a nan dai ba ta da laifi.

Dattijon ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce irin maganin da take sha kullum, farin ruwan ƙwannafi yakan kama shi tun a ciki ya hana shi shiga jini, haka ma na ƙarin jini da na ƙashi in an haɗa su ciki ba abinci. Wato wata biyu tana haɗiyar magani a kan lokaci, amma kaɗan ne ke isa inda aka aike shi. Ya gargaɗe ta kada ta yar da ko ɗaya, don cikin na buƙatar su. Raba su za a yi: nata na kullum da shida kamar yadda ta saba, sauran sai bayan awa biyu aƙalla. In kuwa ƙwannafi ya matsa har ta riga ta sha farin ruwan, to ta ba shi awa shida kafin nata. Ya ce wannan na irin ƙwayarta ne, wani maganin dokarsa daban, shi ya sa ko na ciwon kai za a ƙara gara a tambaya tukuna. Ya rubuta mata lokutan a bayan kati, ya kai ta wajen likita da kansa.

Kafin su fita Jan Biro ta ce, tana tattara fayil, ai da ta faɗa tun farko.

"Kin tambaya?" in ji Agogo. "Ni da nake wankin tsumma, ba na jefa riga a ruwa sai na san abin da ke cikinta. Ke rai ne a gabanki, har biyu."

Ba a ba ta haƙuri ba, in kana jiran wannan. Ita ma da ta koma gida ba ta bar kanta ba, ta ce ita da ba ta taɓa haɗa jan zane da farin kaya a inji ba, ga shi ta yi a cikinta. Maigidan ma ya sha nasa, don jin tsoron bakin mai kemis ya hana shi yin tambaya ɗaya. Washegari ya saita mata ƙararrawa biyu a waya, ya koma kawo mata burodi da shayi shago da kansa, yana ajiyewa yana sanɗa kamar mai laifi.

Bayan wata ɗaya aka sake gwaji, ƙwayar ta yi ƙasa sosai. Ana saura mako uku ta haihu aka sake, na'ura ba ta gan ta ba. Ta haifi mace, mai kaurin hannu irin na uwar. Aka ba jaririyar nata maganin na ruwa, a mako na shida aka ɗebi jini a dugaduganta, sakamako ya fito ba ta da komai. Akwai sauran gwaji a gaba har a yaye ta, amma ranar maigidan a barandar asibiti ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Suna hanyar fita, Agogo ta hango wata matashiya a bencin masu awo, ciki ya fara fitowa, tana juya 'yar ledar jan magani a hannu. Ta san fuskar. A ɗaya layin, na karɓar magani, take ganinta, inda in an haɗu a waje kowa yakan yi kamar bai san kowa ba, don kallo ɗaya na iya tona mutum a gaban dangi. Gefen yarinyar kuwa wata dattijuwa ce zaune, uwar miji ko gwaggo, tana riƙe mata jaka. Agogo ta tsaya cak a tsakiyar baranda, goyo a baya, mijinta na jan hannunta.

Da kai ne a tsaye a wurin nan, za ka wuce ka rufa mata asiri, ko za ka je ka tambaye ta ƙarfe nawa take shan abin da ke hannunta?