Randar Auren Beshken

Zurab mutumin Iberiya ne, kuma abin da ya fi tinƙaho da shi a duniya shi ne nono ɗaya suka sha da Yarima Arzan. A ƙasarsu ba a renon ɗan sarki a fada, gidan talaka ake kai shi, don haka uwar Zurab ce ta shayar da su biyun. Da Yarima ya shiga rundunar Rumawa, Zurab ya saɓa kwari da bakansa ya bi shi, ko shawara bai yi da kowa ba.

Shekara ashirin da huɗu yana harbi, har kibiya ta tsiyaye masa ido ɗaya. Yarima kuwa sai gaba yake yi, har ya zama babban kwamanda. Zurab ya yi aure a Tarakiya, inda aka girke su. Ranar da aka haifa masa ɗansa tilo, Beshken, ya cika randa da ruwan inabi ya binne a bayan gida, kamar yadda ake yi can ƙasarsu, ba a buɗewa sai ranar auren yaro. Da aka sallame shi aka ba shi 'yar gona, ya ce to, wahala ta ƙare.

Ina! Dokar Rumawa ce ɗan soja soja ne, ko ya so ko ya ƙi. Sun tsotse uban kamar rake, yanzu ɗan suke so. Saura wata biyu auren Beshken, masu ɗaukar soja suka yi sallama. Zurab ko a jikinsa. Ya ce musu, "Ku dakata in gano ɗan'uwana."

Kwana tara ya yi a ƙafa, da gurasa da cuku a ƙunshe. Ya tarar da Yarima zaune cikin manyan Rumawa, ya kutsa kai kamar ɗakin uwarsa, ya ɗaga murya da harshen gida.

"Arzan, ɗan'uwa! Haƙƙin nono na zo karɓa. Ɗana ɗanka ne, a bar mini shi."

Yarima ya saci kallon Rumawan, waɗanda da ma suke tsegumin yana fifita 'yan ƙasarsu. Sai ya kira tafinta. Tafinta fa, jama'a! Mutumin da ya koyi magana a cinyar uwar Zurab!

"Mai girma ya ce doka ba ta san nono ba," in ji tafinta.

Zurab ya daka wa tafinta tsawa. "Gaya masa bakinsa ai ya san shi! Ni ake bari ina tsala ihu sai ya ƙoshi, sannan a ba ni ragowa. Butulu kawai!" Ya watsa wa Yarima gurasar a ƙafa, masu gadi suka fitar da shi da ƙeya.

Aka zana wa Beshken tambarin soja a hannu, aka yi yamma da shi. Shekara na zagayowa labari ya iso: Rumawa sun gwabza da Rumawa a wani kwazazzabo kan gadon sarauta, mutanen Yarima aka tura gaba. Yarima ya faɗi, Beshken ma ya faɗi.

Tsofaffin sojojin Iberiya suka zo gidan Zurab. Babbansu ya ce, "Malam Zurab, a yi haƙuri. Al'ada ce ɗan'uwa ya zuba wa mamaci ruwan inabi a ƙasa. A nan Yarima ba shi da kowa sai kai."

Zurab ya miƙe ya nufi bayan gida. Ya ɗauki fartanya ya tone randar, ya fasa yumɓun da ya liƙe bakinta da shi shekara goma sha tara da suka wuce. Ya ɗebo a ƙaho ya zuba a ƙasa, ya ce, "Beshken." Ya sake ɗebowa, ya sake kiran sunan. Haka ya yi ta yi har ƙahon ya karci gindin randa.

"Haba Zurab, na Yarima fa?" in ji tsohon.

Zurab ya kife ƙahon a ƙasa. "Ku nemo tafintansa ya zuba masa."